Koren Biro

Litinin, 10 ga Fabrairu, 7:40 na safe

Wasiƙa ta zo daga babban birnin jiha. Za a binciki takardun da muka tura wa inshorar lafiya ta gwamnati, na yaran da nake gyara wa magana a makaranta. Sun zaɓi fayil arba'in. Gaynell, wadda ke tura lissafinmu ta kwamfuta daga ofishin ilimi na gunduma, ta kira ni tun ban gama shan kofi ba.

"Twila, kin yi baƙi."

"Su wa kuma da sassafe?"

"Masu ƙirga mintoci. Ki nemo rigar cocinki ki goge."

Shekara goma sha tara ina wannan aiki. Makarantu uku, yara sittin da ɗaya, mota ɗaya mai tari. Sau biyu ana bincikata, ko ɗigo ba su samu ba. Kowane zama sai na rubuta lokacin farawa, lokacin tashi, yaro ɗaya ne ko rukuni, abin da muka yi, in sa hannu. A wurin inshora abin da ba a rubuta ba bai faru ba, ni kuwa babu abin da ba na rubutawa. Ban damu ba.

Litinin, 4:15 na yamma

Na ga jerin sunayen. Lamba ta goma sha bakwai, Oaklynn Sizemore.

Talata, 11 ga Fabrairu, 11:05 na safe

Oaklynn, 10:15 zuwa 10:45, ita kaɗai. Shekararta takwas, tana aji uku. In'ina ce da ita mai riƙe wuya, irin wadda kalma ke tsayawa a maƙogwaro har jijiya ta fito. Abin da muka sa a gaba bana shi ne kafin hutun Mayu ta ɗauki waya da kanta ta kira wani. Waya ta fi komai wuya ga mai in'ina, domin wanda ke can bai ganin kana ƙoƙari, sai ya kashe.

Mun yi gwaji da wayar roba. Na zama mai sayar da fiza, gurasar nan mai cuku a sama.

"Me za a kawo, ranki ya daɗe?"

Daƙiƙa goma sha huɗu kafin kalmar farko ta fito. Na ƙirga, ban taimaka ba. Dokata ke nan tun farko, ba na ƙarasa wa yaro maganarsa ko zan shekara ina jira. Da ta fito sai ta ce fiza ɗari take so, kuma bashi.

Ɗakina a wannan makaranta tsohon ma'ajiyar tsintsiya ne. Tebur ɗaya, kujeru biyu, lasisina a bango, babu taga. Har yanzu in an yi ruwa yana warin sabulun goge ƙasa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, 12:30 na rana

Na duba fayil talatin da tara. Tsaf suke.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, 3:20 na yamma

Ranar masoya ce, yara sun cika mini tebur da alewa da katin zuciya. Na Oaklynn an rubuta "Miss Twila" da koren fenti, ta ce don ya yi daidai da birona. Kowa a gundumar nan ya san ni da koren biro. Na fara ne saboda malamai su daina ɗauke mini, aka wayi gari ya zama kamar sunana. Gaynell kan ce ko a duhu ta ga takardata ta san tawa ce.

Ban buɗe na goma sha bakwai ba. Na san abin da ke ciki.

Laraba, 19 ga Fabrairu, 2:10 na rana

Oditan, mai binciken takardun, ya zo. Mista Prewitt, siriri, mai ladabi, ya zo da abincinsa a roba don kar a ce wani ya ciyar da shi. Muka zauna a ɗakin taro na ofishin ilimi. Ya yaba rubutuna, ya ce da duk masu aikin nan haka suke da ya nemi wata sana'a. Sannan ya zaro takarda ɗaya ya shimfiɗa ta a tsakaninmu.

Fom ɗin izini ne, wanda uwa ko uba ko wanda kotu ta ba riƙo ke sa wa hannu kafin makaranta ta caji inshorar yaro. Kwanan wata, 12 ga Satumba, bara waccan. Sunan da ke layin uwa, Kendra Sizemore.

"Misis Napier, kin san mahaifiyar yarinyar nan?"

"Na taɓa ganinta."

"Ranar da aka sa hannun nan tana kwance a wani asibiti a wata jiha, inda ba a fita. Mu muka biya kuɗin gadon, shi ya sa na sani."

Sai ya yi shiru. Ni ma na iya wannan shirun, da shi nake cin abinci. Ya jira, na jira. A ƙasan takardar akwai ɗan akwatin da ma'aikaci ke yi wa alama in an sa hannu a gabansa. An yi masa alama, ga sunana a gefe. Sunan Kendra, da alamar, da sunana, duka kore.

Na ce zan duba littafina. Ya ba ni zuwa 4 ga Maris in kawo bayani a rubuce kan wanda ya rubuta sunan.

Laraba, 5:00 na yamma

An fara dusar ƙanƙara. Na tsaya na sayi madara da burodi kamar kowa.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, 9:30 na safe

Babu makaranta, hanyoyin dutse sun toshe. Gaynell ta kira, ta rage murya duk da ita kaɗai ce a gidanta.

"Ki ce a jakar yarinya ya je gida, a jaka ya dawo. Duk fom ɗin gundumar nan haka suke zuwa. Wa ya taɓa tsayawa kan uwa ya ga ta sa hannu?"

"Da koren biro?"

"Ki ce kin ba yarinyar aro. Haba Twila, ke kaɗai ce mai kore a duniya?"

"Akwatin fa?"

"Sabo ne. Hannu ya saba, kika yi alama ba ki lura ba. Za su ja miki kunne, shi ke nan."

"Sai su tambaya wa ke gidan."

Ta yi tsaki, ba don ni ba. Ta san wa ke gidan. Verlie ce, kakar Oaklynn, wadda yarinyar ke kira Mamaw. Ita ke riƙe da ita tun da Kendra ta tafi, babu takardar kotu, babu komai, kamar rabin kakannin da ke wannan kwari. In sun ce ita ta rubuta sunan wani a takardar gwamnati, ba maganar jan kunne ba ce.

Abin haushin shi ne ko babu fom ɗin doka ta ce sai na ga yarinyar. Kuɗin ne kawai ba zai zo ba. Amma a wancan lokacin duk Juma'a sai an aiko mini jerin yaran da fom ɗinsu bai dawo ba, da jan layi, ana tuna mini cewa da kuɗin inshora ake samun sararin ganin yaro shi kaɗai. In babu, sai rukuni na biyar biyar. Oaklynn a cikin yara biyar ba ta buɗe baki.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, 3:45 na yamma

Bayan coci na hau zuwa gidan Verlie. Tirela ce, irin gidan kwanon nan da ake ja da mota a girke, a ƙarshen hanya, karnuka biyu, itace jere a baranda. Oaklynn na gidan maƙwabta tana wasa da dusar ƙanƙara. Verlie ta zuba mini miyar wake da burodin masara tun kafin in cire kwat. Na gaya mata. Ta ajiye cokali.

"To, gobe sai in je in ce ni ce. Ai ni ce."

"Miss Verlie, zauna tukuna."

"Shekarata sittin da takwas, ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Na rubuta sunan 'yar da na haifa, shi ne na zama ɓarauniya?"

Ta ɗauko wata ambulan daga saman firij. Ashe tun kafin Kirsimeti ta je wurin lauyan talakawa ta nemi kotu ta ba ta riƙon Oaklynn. An sa ranar 13 ga Maris. Kendra ta aiko da yardarta daga inda take, abin da ya rage alƙali ya duba ya ga kakar ba ta da wani tabo. Lauyan ya gargaɗe ta, ko takardar tarar gudu da mota kada ta samu kafin ranar. In aka ga tuhumar ƙirƙirar sa hannu, alƙali zai dakatar, 'yan ofishin kula da yara su shigo, su kai yarinyar gidan baƙi har a gama shari'a. Wata shida, shekara, babu wanda ya sani.

"A gidan baƙi wa zai jira ta ta gama magana?" in ji Verlie. "Za su ce taurin kai ne."

Na ce kada ta je ko'ina, kada ta kira kowa. Na cinye waken. Ya yi gishiri kaɗan.

Talata, 25 ga Fabrairu, 11:00 na safe

Oaklynn, 10:15 zuwa 10:45, ita kaɗai. Wayar roba. Ta zama mai kiran likitan dabbobi, karenta ya haɗiye safa. Tsayawa huɗu, mafi tsawo daƙiƙa tara. Ta tuna ta saki iska kafin sauti ba tare da na nuna mata ba.

Da za ta fita ta tsaya a ƙofa.

"M-m-mamaw ta yi kuka a banɗaki."

"Manya ma suna yi."

"Ke ma?"

"Ni a mota nake yi. Wuce aji, 'yar sa ido."

Laraba, 26 ga Fabrairu, 6:50 na safe

Ban yi kuka a mota ba. Na saurari hasashen yanayi.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, 1:15 na rana

Na buɗe littafina na bara waccan, kamar yadda na ce wa Mista Prewitt zan yi. 12 ga Satumba: "Ruwa. Kaka ta zo da kanta, 2:40. Fom ya cika."

Na tuna ranar sarai. Ta shigo jiƙe, ta manta tabaronta a mota. Na nuna mata layin, ta ce sunanta za ta sa? Na ce in ta sa nata kwamfutar Gaynell za ta ƙi, domin Kendra ce a rubuce, sai ofis ya nemi takardar riƙo. Ta ce, "Kada su fara tambaya, Miss Twila." Ba ta zo da biro ba.

Shekara ɗaya da rabi ina gaya wa kaina cewa a daidai lokacin waje nake kallo, ina duba ko ruwan ya tsagaita. Yau na zauna a kujerar da na zauna ranar, na juya ta kowane gefe. Ɗakin nan ba shi da taga.

Asabar, 1 ga Maris, 10:20 na safe

Na wanke mota. Na gyara durowar cokula. Na rubuta bayani iri biyu na yaga.

Na farko labarin jakar yarinya ne, yadda Gaynell ta tsara. Ya fito sumul, ni kaina sai da na kusa yarda. Na biyu gaskiya ce daga farko har ƙarshe, da ruwan, da tabaron. Duka biyun a wuri ɗaya suke ƙarewa, motar ofishin kula da yara a ƙofar tirela.

Litinin, 3 ga Maris, 12:10 na rana

Gaynell ta zo har makaranta da sanwici biyu, ta rufe ƙofa, ta zauna a kujerar yara gwiwoyinta har haɓa.

"Na san fuskar nan. Me kike shirin yi?"

"Cin sanwici."

"Kar ki raina mini hankali. Saura shekara takwas ki yi ritaya. Yara sittin da ɗaya, Twila. In kin tafi kin san abin da za su kawo? Wata mata a allon kwamfuta daga wata duniya, intanet na yankewa."

"Na sani."

"To saboda yarinya ɗaya?"

"Ni na miƙa biron, Gaynell."

Ta daɗe tana kallon lasisina a bango. Sannan ta ce ita ce ke aiko jerin nan mai jan layi duk Juma'a, na ce ita ma aiko mata ake yi. Ta ce ni jaka ce tun muna makarantar sakandare. Ta bar mini rabin nata sanwicin.

Maganar yara sittin ɗin ta zauna mini.

Talata, 4 ga Maris, 11:00 na safe

Oaklynn, 10:15 zuwa 10:45, ita kaɗai. Wayar roba. Tsayawa uku. Na rubuta mata lambar wayata a bayan katin hoton zomo, na ce aikin gida ne, babu ranar kawowa.

Talata, 3:30 na yamma

Layi huɗu na rubuta. Cewa fom ɗin bai dawo ba, ofis na matsa mini, na rubuta sunan mahaifiyar da hannuna na yi wa akwatin alama. Cewa babu wani a dangin yarinyar da ya ga takardar. Na sa hannu da kore.

Mista Prewitt ya karanta sau biyu. Ya ɗauko fom ɗin ya ajiye kusa da bayanin. Rubutuna ƙanana ne a tsaye, duk wanda ya ga fayil arba'in ya san shi. Sunan Kendra kuwa manyan haruffa ne masu rawa, sun hau kan layi sun sauka, rubutun wanda ba ya gani sosai.

"Misis Napier, hannun nan bai yi kama da naki ba."

"Da na yi shi kama da nawa ai da na zama sakarya."

Ya yi shirunsa. Na ƙirga, daƙiƙa ashirin da biyu. Ban ƙarasa masa ba, shi ma bai ƙarasa mini ba.

"Kin san dole in tura wa hukumar lasisi?"

"Na sani."

"Haka kike so in rubuta?"

"Haka ya faru."

Ya buga hatimi ya sa a fayil. Da zai tafi ya ce mahaifiyarsa ma malamar makaranta ce, ban san me ya kawo zancen ba. Gunduma za ta mayar da kuɗin zama arba'in da bakwai. Zaman kuwa an yi su duka, kowanne minti talatin cif.

Alhamis, 6 ga Maris, 9:00 na safe

An ce in zauna a gida har hukuma ta zauna. Shugaban makaranta ya raka ni mota yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin. Kwali biyu: katunan hotuna, madubi, wayar roba, lasisi. An ce kada in yi sallama da yara.

Juma'a, 7 ga Maris, 2:00 na rana

Verlie ta kira sau biyar. A na shida na ɗauka. Ta ce ta ji a kantin Shepherd, gari duk ya ɗauka. Ta ce ba za ta yarda ba, yanzu za ta sa takalmi.

"Miss Verlie, in kika je kin zubar da nawa, kin zubar da naki, yarinyar kuma ta tafi. Ki sa rigarki mai kyau ranar Alhamis ki yi shiru."

"Da wane ido zan kalle ki a coci?"

"Da wanda kika manta tabaronsa."

Ta yi wata irin dariya mai haɗe da majina, ta kashe.

Lahadi, 9 ga Maris, 1:00 na rana

Na je coci. An matsa mini wuri a benci fiye da yadda nake buƙata.

Talata, 11 ga Maris, 10:15 na safe

Ina gida. Na ga agogo, lokacin Oaklynn ne.

Laraba, 12 ga Maris, 4:40 na yamma

Lauyar ƙungiyarmu ta ce dakatarwar shekara biyu in an yi sa'a, in ba a yi ba shi ke nan. Ta tambaye ni ko akwai abin da ban gaya mata ba. Na ce babu. Haushi nake ji yau, na kowa, har da tsohuwar, har da ruwan da aka yi ranar. Na fi jin haushin kaina da na yi wa akwatin nan alama, don kawai ba na iya barin akwati a buɗe.

Alhamis, 13 ga Maris, 5:30 na yamma

Yau ne kotu. Babu wanda ya kira. Ni ma ban kira ba, lauya ta ce in nisanci dangin.

Juma'a, 14 ga Maris, 5:30 na yamma

Babu.

Litinin, 17 ga Maris, 8:15 na safe

Gaynell ta ce an kawo allon kwamfutar, an ajiye shi a ɗakin tsintsiya. Ba ta san komai game da kotu ba, ta ce Oaklynn ba ta zo makaranta ranar Juma'a ba. Na share baranda sau biyu.

Talata, 18 ga Maris, 10:40 na safe

Waya ta yi ƙara 10:17. Lambar da ban sani ba. Na ɗauka na ce halo, babu amsa. Har na ɗauke ta daga kunne zan kashe, sai na ji numfashi, irin wanda ke shiga ya tsaya.

Na zauna a kan matakala. Na kalli agogon hannuna. Goma. Ashirin. Can nesa ina jin kare yana haushi, da muryar Verlie tana cewa, "Kar ki yi sauri, za ta jira ki." Talatin da ɗaya. Na ji ta saki iska a hankali, yadda muka koya.

"M-m-miss Twila."

"Ina ji."

"Oaklynn ce. Ina da mura, ban je ba." Ta sake tsayawa, daƙiƙa goma sha biyu. "Alƙali ya ce ina g-g-gidan Mamaw. Da takarda. Mai hatimi."

Na ce na ji. Muryata ce ta ƙi fita daidai, sai ita ta jira ni.

"Mamaw ta ce ki zo cin wake. Na ce mata ki zo da fiza."

"Guda nawa?"

"Ɗari."

Ta kashe ba sallama, ba mu kai wannan darasin ba tukuna. Na tarar na riga na jawo takardar kuɗin wuta na rubuta a bayanta: 10:17 zuwa 10:21, ita kaɗai, wayar gaske, ita ta kira, tsayawa biyu. Na sa hannu. Babu inda zan tura shi, sai na manna a jikin firij.